Zobban Newton: Cutar da Ke Ɓuya Tsakanin Gilashi da Nagatif

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin duhu ƙarƙashin jar fitila, yana kaɗa farantin magani yana jiran hoto ya bayyana a kan takarda, zai gane irin ɓacin ran da nake nufi. Fuskoki sun fito raɗau, aikin wuyan babbar riga ya fito zare-zare, amma can sama, inda ya kamata sararin samaniya ya kwanta sumul, sai ga wasu layuka masu lanƙwasa, wani cikin wani, kamar albasar da aka yanka a tsakiya. Ka zaro nagatif ka ɗaga shi ga haske, ba ka ga komai a jikinsa ba. Ka goge lens ka sake bugawa, layukan suna nan, sai dai sun ɗan gusa, siffarsu ma ta canza. Takarda biyu ta salwanta ke nan, ga shi takardar hoto a yau ta yi tsadar da ba a wasa da ita.

Waɗannan layuka su ake kira zobban Newton. Mai koyo yakan ɗauka datti ne ko tabon ruwa, sai ya yi ta guga, alhali gugar ba ta raba shi da su. Wani lokaci ma ƙara su take yi, domin gilashi mai tsabta ƙal da fim mai sheƙi su ne suka fi haifar da su. Wanda bai san inda suke fitowa ba zai yi ta canza magani yana zargin kayan aikinsa a banza.

Sai mu fara da dalilin shigowar gilashi cikin maganar, tunda shi ne ummul'aba'isi. Injin faɗaɗa hoto, wanda masu sana'ar ke kira enlaja, tsarinsa ba wuya: fitila a sama, nagatif a ƙarƙashinta cikin mariƙi, lens a ƙasa, takarda a kan allo. Hoton da ke jikin fim na milimita 35 girmansa milimita 24 ne da 36, lens kuma zai shimfiɗa shi a kan takarda ninki 8 ko 10 ko fiye. A irin wannan faɗaɗawa, iyakar gusawar da nagatif zai yi sama ko ƙasa kafin kaifin hoto ya lalace ba ta kai rabin milimita ba. Shi kuwa fim ba ya kwanciya lebur don kansa. Fuska biyu gare shi. Akwai fuskar magani, mai ɗauke da jelatin da ƙwayoyin azurfa, wadda ba ta cika ƙyalli ba; akwai kuma bayansa, roba ce mai santsi da sheƙi. Jelatin yakan sha laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, robar kuma ba ta bin sa daidai, don haka fim yake lanƙwashewa ya yi doro ta baya. Da zarar an kunna fitila zafi ya sauka masa, sai ya motsa, wani lokaci farat ɗaya a tsakiyar bugu. Ka saita kaifi daidai wa daida, kafin daƙiƙa 20 su cika nagatif ya tashi, hoto ya fito gefe da kaifi tsakiya dishi-dishi.

Mariƙi mai gilashi aka ƙera don wannan. Ana sa nagatif tsakanin gilasai biyu a danne shi, ba shi da halin motsi. A ƙaramin fim mutum na iya lallaɓawa ba gilashi, musamman idan bugun ƙarami ne. Amma idan aka koma fim na 120 mai hotuna 6×6 ko 6×9, ko fim na falle mai inci 4×5, kuma babban bugu ake so, gilashi ya zama dole. Tsohon nagatif da ya shekara 30 a naɗe cikin gwangwani kuwa ba ya jin magana sai an danne shi. Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Gilashi biyu fuska huɗu ke nan, a haɗa da biyu na fim, wuri shida da ƙura za ta iya sauka. Sannan ga zobba.

Ga abin da ke faruwa. Idan gilashi ya kwanta a bayan fim, ido yana ganin sun haɗu, amma a gaskiya ba su taɓa juna ba sai a wurare ƙalilan. Ragowar wurin akwai iska a tsakaninsu, siririya ƙwarai, kaurinta na canzawa daga nan zuwa can. Haske idan zai fita daga gilashi ya shiga iska, ko daga iska ya shiga fim, ba dukansa ke wucewa ba; kimanin kashi 4 cikin 100 yakan koma baya a kowace iyaka. To a cikin wannan siririyar rata, wani hasken ya wuce kai tsaye, wani kuma ya bugi bayan fim ya koma sama, ya bugi gilashi ya sake saukowa, sannan ya bi sawun na farko. Tafiyarsa ta fi ta ɗan'uwansa da ninki biyu na kaurin ratar. Haske kuwa tafiyar igiyar ruwa yake yi, tudu da kwari. Idan wanda ya makara ya iso tudunsa ya hau kan tudun na farko, haske ya ƙaru. Idan tudu ya faɗa cikin kwari, sai su rage wa juna ƙarfi. Tsawon igiyar hasken da ido ke gani tsakanin nanomita 400 ne zuwa 700, wato bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, kuma duk inda ratar ta ƙaru da rabin wannan tsawon, an samu sabon zobe. Bambancin kaurin iska tsakanin zobe da mai bi masa ƙanƙane ne har sai an jera irinsa sama da 200 kafin a kai kaurin silin gashi guda. Zobban da ke ɓata mana hoto taswirar wannan ratar ce, kamar layukan da ake zanawa a taswira don nuna tsayin dutse.

Ko wanda bai taɓa shiga ɗakin duhu ba ya san danginsu: launukan bakan gizo da ke kwance a kan ruwan da baƙin mai ya ɗiga a bakin garejin makanikai da damina, da na kumfar sabulu, da waɗanda ke fitowa ƙarƙashin gilashin kare fuskar waya idan bai manne da kyau ba.

Sunan Newton ya bi su, ko da yake ba shi ya fara bayyana su ba. Robert Hooke ya yi bayaninsu a littafinsa Micrographia na 1665. Isaac Newton shi ne ya zauna ya auna su: ya ɗora lens mai ɗan doro a kan gilashi mai lebur, ya auna faɗin kowane zobe, ya lissafo kaurin iskar da ke ƙarƙashinsa, aka buga aikin a littafinsa Opticks a 1704. Amma ya fi karkata ga cewa haske ƙwayoyi ne, saboda haka bayaninsa kan dalilin zobban bai ɗore ba. Thomas Young ne, a laccar da ya gabatar gaban Royal Society a Landan a 1801, ya ɗauki ma'aunan Newton ɗin ya fassara su da haɗuwar igiyoyi, har ya fitar da tsawon igiyar launuka. Har gobe masu ƙera lens sukan ɗora shi a kan gilashin gwaji su ƙirga zobba, don su san ko ya kai siffar da ake so.

Tambayar da ta fi damun masu koyo ita ce, me ya sa ba a ganinsu a kan allo lokacin saiti, sai bayan an wanke takarda? Idan kowace iyaka tana mayar da kashi 4, bambancin haske tsakanin zobe mai haske da mai duhu a hasken launi ɗaya kusan kashi 17 ne cikin 100. A farin haske bai ma kai haka ba, domin zobban launuka daban-daban suna hawa kan juna su shafe juna. Idon da ke cikin duhu, yana duban hoton da baƙi ya koma fari, zai iya wuce wannan bai lura ba. Takarda kuwa ba ta yafiya. Aikinta ke nan ta ɗauki ƙaramin bambanci ta mayar da shi babba, kuma takarda mai ƙarfi, lamba 4 ko 5, ta fi kowace yin haka. Bugu da ƙari, takardar baƙi da fari ba duk launuka take ji ba: shuɗi take ji, wadda ake sauya wa ƙarfi da tacewar launi kuma shuɗi da kore. Tunda ɗan yanki kaɗan na haske take karɓa, zobban ba sa samun abin da zai shafe su sosai. Shi ya sa nagatif mai rauni, wanda dole a buga shi da lamba mai ƙarfi, ya fi kowane tona su. Ba za ka gan su cikin ganyen bishiya ko cunkoson kasuwa ba, inda zane ke ɓoye su. Wurin zamansu sararin sama, bangon da aka shafe sumul, labulen bayan situdiyo, da goshin mutum.

Akwai hanyar kama su kafin a yi asara, kuma ba ta cin ko kwabo. Rufe mariƙi da nagatif a ciki yadda za ka sa shi a inji, ka karkata shi ƙarƙashin doguwar fitilar fuloresan, ka dubi hasken da ke dawowa daga saman gilashin. A hasken da ya dawo zobban sun fi fitowa nesa ba kusa ba. Ka ɗan danna gefen mariƙin da yatsa, za ka ga suna gudu suna buɗewa. Wanda ya saba da wannan dubawar ta minti ɗaya ya rage rabin wahalarsa.

Tunda cutar siririyar iska ce tsakanin fuskoki biyu masu santsi, maganin da ya fi karɓuwa shi ne a hana ɗayarsu santsi. Wannan shi ne gilashin anti-Newton, ko AN a taƙaice. Fuskarsa ɗaya an ɗan kakkarta ta, kaushi ne mai laushi ƙwarai wanda yatsa da ƙyar yake jin sa. A kan irin wannan fuska kaurin iskar yana hawa da sauka a kowane ɗigo, don haka zobban ba sa samun filin da za su miƙe su yi da'ira. Sukan farfashe su zama ƙanana har lens ya kasa rarrabe su. Wurinsa sama ne, tsakanin fitila da fim, fuskar mai kaushi tana kallon ƙasa, kwance a bayan fim. A nan mutane da yawa suke kuskure, su kifa shi, su ce gilashin bai yi aiki ba. Gane fuskar ba wuya: ka dubi hoton ƙwan fitila a jikinsa. A fuska mai santsi ƙwan zai fito da kaifi, a mai kaushi gefensa zai yi hazo. A kuma kiyaye shi daga yatsu, domin maiƙon hannu yakan cike kaushin ya mayar da wurin santsi, zobe ya fito daidai inda aka taɓa. Ɗan barasar goge gilashi da ƙyalle mai laushi sun isa su gyara wannan.

Manyan masu ƙera inji sun daɗe da sanin haka. Kamfanin Durst na garin Bressanone a arewacin Italiya ya yi mariƙai da ake iya zare gilashinsu a sa na AN ko a sa firam na ƙarfe marar gilashi. A injin Focomat Ic na kamfanin Leitz na Jamus, kondensa, wato lens ɗin da ke tattara hasken fitila, ita ce da kanta take saukowa ta danne fim, kuma saboda zobba kamfanin ya yi wani gilashin AN da ake maƙala mata a ƙasa. A injinsu na baya, Focomat V35, mariƙin gilashi ɗaya gare shi, na AN, a sama, ƙasa kuwa fili. Kaiser da LPL da Meopta duk sun yi irin waɗannan gilasai. Durst ya daina ƙera enlaja a 2006, kuma yawancin abin da ke yawo a kasuwa yanzu na hannu ne, don haka mai saye ya duba karce da kyau, ya kuma tabbata kaurin gilashin ya dace da gurbin mariƙinsa.

Tsarin nan na gilashi ɗaya a sama shi ne nake ganin ya fi dacewa da yawancin aiki, kuma dalilinsa yana cikin halin fim ɗin kansa. Doron fim ta baya yake, bayan kuma sama yake kallo. Gilashin sama shi ke danne doron, firam ɗin ƙasa ya tallafi gefuna. Gilashin ƙasa ba shi da wani babban aiki a fim na milimita 35 ko na 6×6, sai ƙara fuskoki biyu na ƙura daidai hanyar lens. Duk wanda mariƙinsa ke ba da damar cire na ƙasa, ya cire shi.

Amma akwai inda ba a tsira da wannan. Babban nagatif, ko mai laushin jiki, yakan yi ciki ya sauko idan babu abin da ya tallafe shi, tilas a sa gilashin ƙasa. A da wannan ba ya kawo matsala, domin fuskar magani tana da nata ɗan kaushin. Sai fina-finan zamani suka zo da fuskar magani mai santsi, irin su T-Max na Kodak da ya fito a 1986, da nagatif masu launi da dama, zobba suka fara fitowa ta ƙasa ma. Akasin haka, fim irin Tri-X 320 da aka yi wa bayansa kaushi don masu gyara da fensir ba ya cika ba da wahala. Idan zobba suka fito ta ƙasa, ba a so a sa gilashin AN a can, domin duk abin da ke tsakanin nagatif da lens yana cikin hanyar hoton, kaushin zai ci kaifinsa. Abin da ya fi shi ne gilashi mai rufin hana ƙyalli, irin rufin da ake yi wa lens na kyamara. Wannan ba ya kawar da ratar, raunana hasken da ke dawowa yake yi. Idan fuskar gilashi ta koma mayar da rabin kashi ɗaya a maimakon kashi 4, wancan bambancin na kashi 17 sai ya sauko kusan kashi 6. Bai ɓace ba, domin fuskar fim tana nan da ƙyallinta, amma sau da yawa ya sauka ƙasa da abin da takarda za ta nuna.

Shi ma gilashin AN yana da nasa sharaɗin, kuma ba a cika faɗar sa ba. Kaushinsa yana zaune ne kaurin fim kawai daga hoton. Idan aka tsuke ƙofar lens sosai, zuwa f/16 ko f/22, zurfin kaifi yakan ƙaru har ya kamo kaushin, sai sararin sama ya fito da wani tsaki-tsaki kamar fatar lemo. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan. Injin da ke da kondensa, wanda haskensa ke saukowa a miƙe, ya fi nuna wannan, kamar yadda ya fi nuna ƙura da karce. Inji mai baza haske ya fi rufa asiri. Abin lura shi ne, tsuke lens da yawa dabara ce ta wanda nagatif ɗinsa ba ya kwance, yana neman zurfin kaifi ya rufe masa lanƙwasa. Wanda ya danne fim da gilashi ba ya bukatar haka. Lens na milimita 50 mai f/2.8 ya fi kaifi a wajen f/5.6 zuwa f/8, kuma a nan kaushin gilashi mai kyau ba ya fitowa.

Inda gilashin AN na asali ya yi wuyar samu, wasu sukan je wurin masu sa hoto a firam su yanko gilashin nan marar ƙyalli. Yana hana zobba, amma kaushinsa ya fi na asali girma. A inji mai baza haske yakan wuce, a mai kondensa kuwa sau da yawa yakan bayyana. Sai an gwada akan san na ƙwarai: a sa fim ɗin da aka wanke ba hoto a jikinsa, a buga takarda ta yi toka-toka da lamba mai ƙarfi, a duba ta da rana. Idan tokar ta kwanta sumul, gilashin ya ci jarrabawa.

Yanzu ga abin da ya shafe mu kai tsaye, wato yanayi. Masu bugu a ko'ina sun daɗe da lura cewa zobba sun fi yawa a lokacin laima. Fim na 120 da na falle galibi suna da jelatin a bayansu ma, don hana naɗewa, kuma idan ya sha laima yakan yi taushi ya lafe wa gilashi. Zafin fitila kuma yana fitar da damshin da ke jikin fim, ga shi an rufe shi tsakanin gilasai, ba inda za shi. A ƙasar Hausa shekara ta raba mana matsalar gida biyu. A watan Agusta, tsakiyar damina, ɗakin duhu da ba shi da taga kuma ga farantai uku cike da ruwa ya zama matattarar laima, lokacin zobba ke nan. Abin yi shi ne a bar fim ya bushe sarai, kada a sauke shi daga igiya a kai shi inji a ranar. A sa shi a rigarsa a danne da littattafai ya kwana. Kafin bugu a ɗan ɗumama gilasan da na'urar busar da gashi, daga nesa, su yi ɗumi ba zafi ba. Inda wuta ba ta tsayawa balle a yi maganar na'urar tsotse laima, robar abinci mai murfi da 'yan ƙullin silika, irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin takalmi, ta isa a ajiye nagatif da mariƙi a ciki. Da hunturu kuwa zobba sukan yi sauƙi, ƙura ta karɓi aiki. Iska ta bushe, gugar gilashi da busasshen ƙyalle tana tara masa lantarkin da ke jawo ƙura kamar maganaɗisu. Ƙwayar ƙura ɗaya idan ta shiga tsakanin fim da gilashi takan yi farin ɗigo a hoto, ta kuma iya tayar da 'yan zobba kewaye da kanta. A wannan lokacin a goge daɓen ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma kafin a fara, a yi amfani da famfon roba na hura iska da burushi mai laushi, a rage guga.

Maganar dannewa ma tana da ruɗi. Hankali yakan ba mutum cewa idan ya ƙara matsa gilashi zai kori iskar baki ɗaya. Ba ya yiwuwa. Matsi yana ƙara faɗin wurin da ratar ta yi siririya ne kawai, zobba su ƙara girma. Sassautawa ta fi amfani. A yanka firam na siririyar baƙar takarda, irin wadda ke bayan fim na 120, a ɗora shi kewaye da hoton don ya ɗan ɗaga gilashin. Kaurin takarda ya fi tsawon igiyar haske sau ɗari da wani abu, kuma a irin wannan tazara zobba ba sa fitowa. Gaskiyar magana dai, dabarar tana ci wani lokaci, wani lokaci kuma doron fim yakan taso ya taɓa gilashin a tsakiya, zobban su tattaru a can. Amfaninta na biyu tabbatacce ne: baƙin firam ɗin yana tare hasken da ke zuba ta gefen nagatif, wanda ke rage wa hoto ƙarfi.

Sai hoda da feshi. Masu aikin ɗab'i sun san hodar sitacin da ake busa wa takardu a injin ofset don kada tawada ta manne. Irin ta wasu masu bugu suke busawa a iska, su ratsa nagatif ko gilashi cikin ƙurar, 'yan ƙwayoyin su zama matashi tsakanin fuskokin biyu. Akwai kuma feshin anti-Newton na gwangwani, wanda kamfanoni irin Tetenal suka yi. Suna aiki, ban musa ba. Amma ni ba na ba da shawarar a fara da su. Na taɓa gwada hodar a kan nagatif na gwaji, hannu ya ɗan yi nauyi, hoton ya fito da fararen ɗigo fiye da yadda burushin gyara zai iya rufewa, kuma share ta daga bayan fim ba tare da karce ba ya ɗauki lokaci. A ƙaramin fim da za a faɗaɗa ninki 10, kowace ƙwaya ita ma ninki 10 za ta fito. Idan ya zama dole, a sa wa gilashi, kada a sa wa fim. Gilashi ana wanke shi, in ya lalace a sayi wani; nagatif guda ɗaya ne a duniya, kada garin neman gira a rasa ido.

Hanyar da ta fi kowace kaiwa ga tushen cutar ita ce a kori iskar a cike gurbinta da ruwa na musamman, wanda ke karya haske kusan daidai da gilashi da robar fim. Idan babu bambanci a iyaka, kusan babu hasken da zai dawo, zobba ba su da abin da za su ginu a kai. Ruwan yana kuma cike karcen bayan fim ya ɓoye shi, shi ya sa masana'antar sinima ta daɗe tana buga tsofaffin fina-finai ta cikin ruwa, masu sikana ta ganga kuma suke amfani da irin wannan ruwa da ake kira Kami. Sakamakonta ba shi da na biyu. Sai dai aiki ne mai cin lokaci, kumfa na iya maƙalewa a ciki, ruwan yana da tururi kuma yana kama wuta, ga ɗaki a rufe da fitila mai zafi. Ta dace da nagatif mai daraja wanda ya karce kuma ake son babban bugu ɗaya. Kada kuma wani ya ce zai maye gurbin ruwan da man girki ko kananzir.

Wannan magana ba ta tsaya a ɗakin duhu ba. Akwatunan nagatif na tsofaffin situdiyo da na gidaje, na bukukuwan aure da hawan salla, yanzu sikana ake kai su ko a ɗauke su da kyamarar zamani. Duk wanda ya kwantar da bayan fim mai sheƙi a kan gilashin sikana zai ga zobban nan a kwamfuta, har da launukansu, kuma goge su a can wahala ce da ba ta ƙarewa. Ƙa'idar ba ta canza ba: fuskar magani ta kalli gilashi mai santsi in har dole su haɗu, gilashin AN ya danne baya, ko a ɗaga fim a mariƙinsa kada ya taɓa komai.

Ga wanda zai shiga ɗakin duhu gobe, shawarata ita ce ya nemi gilashin AN guda ɗaya mai kyau ya sa a sama, kaushi na kallon bayan fim, ya bar ƙasa fili muddin girman nagatif ya yarda. Ya busar da fim ɗinsa sarai, ya tsayar da lens a wajen f/8, ya karkata mariƙi ga fitila ya duba kafin ya ɗauko takarda. Hoda da feshi da ruwa su jira sai waɗannan sun gaza, kuma ko a lokacin, a fara gwada su a kan nagatif ɗin da ba a jin asararsa.